MU KOYI TURANCI: Jaki Ba Ya "Shoot", Maciji Ba Ya "Cut"

A watan jiya mun kawo muku sunayen dabbobin gida da na daji, kuma wasiƙun da suka zo mana daga azuzuwan yaƙi da jahilci sun nuna an karɓi darasin hannu bibbiyu. To, amma sanin sunan dabba kaɗai bai isa a yi magana ba. Wanda ya san cewa jaki shi ne "donkey", in bai san yadda zai ce jakin ya yi harbi ko ya turje ba, daidai yake da mai fartanya ba ƙota. Saboda haka a wannan wata za mu duba kalmomin aikatau, wato kalmomin da ke faɗin abin da dabba take yi: tafiyarta, da kukanta, da faɗanta, da cin abincinta.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan darasi. Kwanakin baya na kai ziyara wani ajin manya a karkara, sai malamin ajin ya ba ni labarin wani ɗalibinsa, dattijo mai ƙwazo wanda bai fara karatun boko ba sai da ya yi furfura. Jakinsa ne ya harbi ɗansa a gwiwa, ya ɗauki yaron zuwa asibitin sha-ka-tafi, ya tarar mai duba marasa lafiya a ranar ɗan bautar ƙasa ne da ba ya jin Hausa. Dattijo bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya karɓi takarda ya rubuta: "My donkey shot my son." Nan take hankalin ma'aikacin ya tashi, ya shiga neman inda harsashi ya shiga, yana tambayar wa ke da bindiga a gidan. Sai da aka samo tafinta kafin ƙura ta lafa.

Ni ban ga abin dariya ga dattijon nan ba, jinjina ma na yi masa. An koya masa cewa harbi shi ne "shoot", kuma gaskiya ne, amma harbin bindiga da na baka kaɗai. Laifin namu ne masu koyarwa, da muke ba ɗalibi kalma guda ta Turanci a madadin kalma guda ta Hausa, sai ka ce canjin kuɗi.

Da me dabbar ta yi aikin?

Mu fara da harbin nan. A Hausa maharbi yana harbi, jaki yana harbi, kunama ma tana harbi. Bature ya raba su uku. Na maharbi "shoot", na jaki da doki da saniya "kick", na kunama da ƙudan zuma da rina da zanzaro kuwa "sting". Da dattijonmu ya rubuta "My donkey kicked my son", da ba a sha wannan wahala ba.

Haka nan sara. Mu muna cewa maciji ya sari mutum, kamar yadda ake saran itace da gatari. Kada ka kuskura ka ce "The snake cut him." A wurin Bature maciji cizo yake yi, don haka "The snake bit him" za ka ce. Kalmar ita ce "bite", in aikin ya wuce sai ta zama "bit", in kuma mutum aka yi wa aikin sai a ce "He was bitten by a snake." Ita "sting" ma ba ta ɗaukar "ed" a ƙarshe, "stung" take komawa: "A scorpion stung her", wato kunama ta harbe ta.

Wata dabara da za ta taimake ka ita ce ka tambayi kanka: da wane sashe na jiki dabbar ta yi aikin? In da baki ne ko haƙori, "bite" ne, ko kare ne ko sauro ko kaska ko kuɗin cizo ko ƙudan tsando. In da ƙarin da ke wutsiya ne, "sting". In da ƙafa ne, "kick". In da kai ne, kamar yadda rago ke tunkuyi, "butt". In ƙahon ya huda jiki, kamar sukan bijimi, to ya zama "gore", kuma duk ma'aikacin asibitin da ya ji "A bull gored him" ya san ba ƙaramin rauni ba ne. In da bakin tsuntsu ne, "peck". In da farce ne, kamar yakushin kyanwa, "scratch". Sai gamsheƙa, wadda ke tsarta dafi a ido: wannan "spit" ne, in ya wuce "spat".

Tun da magana ta kawo mu nan, bari in ɗan ratse. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti. Wanda gamsheƙa ta tsarta wa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Cizon kare kuwa, a wanke da ruwa da sabulu na kamar minti 15 sannan a tafi asibiti, ko da raunin ƙarami ne, saboda ciwon haukan kare.

Kada wani ya zaci mu Hausawa kaɗai ne wannan rami ke rufta wa. Masu jin Sifaniyanci, wato harshen mutanen ƙasar Sifen da Meziko da Ajantina da kuma maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, suna da wata kalma "picar". Da ita sauro ke cizo, da ita ƙudan zuma ke harbi, da ita kaza ke saran hatsi, har ma yajin barkono da ƙaiƙayin jiki duk ita ce. Ranar da ɗalibinsu ya shiga ajin Turanci, sai ya tarar an tsaga masa kalmarsa gida-gida, kamar yadda aka yi wa harbinmu. Ba a nan kaɗai muka yi kama da su ba, kamar yadda za ku gani yanzu.

Inda Bature ke ajiye salon tafiya

Wannan shi ne ƙashin bayan darasinmu na yau, don haka a karanta a tsanake, malaman aji kuma su maimaita wa ɗalibai.

Dubi wannan jimla: Kare ya fita daga gida a guje. Aikatau a nan shi ne "fita", kuma abin da yake gaya mana shi ne inda karen ya nufa, wato waje. Yadda ya yi tafiyar kuwa sai a ƙarshe muka liƙa shi, muka ce "a guje". Mai Sifaniyanci ma haka yake yi. Zai ce "El perro salió de la casa corriendo", kalma bayan kalma: kare ya fita daga gida yana gudu.

Bature juya abin yake yi. Zai ce "The dog ran out of the house." Salon tafiyar, wato gudu, shi ya zama aikatau, "ran". Inda aka nufa kuwa sai ya bar wa wata 'yar ƙaramar kalma, "out". Irin waɗannan ƙananan kalmomi su ne "in" da "into" don shiga, "out" don fita, "up" don hawa, "down" don sauka, "across" don ƙetarewa, "away" don nisanta. Da yake su ke ɗauke da nauyin nuna hanya, sai aikatau ya samu sarari ya yi ta kwatanta yadda aka yi tafiyar. Wannan ne ya sa Turanci ya tara kalmomin tafiya jingim.

Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Leonard Talmy, shi ya yi fice wajen bayyana wannan bambanci a wani rubutunsa na 1985. Daga baya Ruth Berman da Dan Slobin suka jarraba abin, suka buga sakamakon a 1994. Sun ɗauki wani littafin yara na Mercer Mayer da ya fito a 1969, wanda babu rubutu a cikinsa sai zane, labarin wani yaro da karensa suna neman kwaɗonsu da ya gudu. Aka ba yara da manya masu harsuna daban-daban, ciki har da Turanci da Sifaniyanci, aka ce kowa ya ba da labarin da bakinsa. Akwai shafin da mujiya ke fitowa daga kogon itace. Masu Sifaniyanci kusan dukkansu cewa suka yi mujiya ta fito, shi ke nan. Cikin masu Turanci kuwa an samu da dama da suka zaɓi kalmar da ke nuna yadda ta fito, ko a tashe ko farat ɗaya.

Da a ce an kawo littafin nan ajinmu, na tabbata ɗalibanmu za su ce mujiya ta fito fit, ko ta tashi fir. A nan ne muka sha bamban da su, domin Hausa tana da amsa-kama, wato irin su wuf, da caraf, da sululu, da tsulum, da tinƙis-tinƙis. Abin da Bature ke cusawa cikin aikatau, mu a amsa-kama muke zuba shi. Saboda haka ga shawarata: duk inda ka ji bakinka na son sa amsa-kama a Hausa, to ka tsaya ka nema, galibi akwai aikatau na musamman a Turanci da ke jiran ka.

Alal misali, maciji ya shige ciyawa sululu: "The snake slithered into the grass." Kwaɗo ya faɗa rijiya tsulum: "The frog plopped into the well." Jaki ya hau tudu tinƙis-tinƙis da kaya: "The donkey plodded up the hill." Kyanwa ta yi wuf ta cafke ɓera: "The cat pounced on the rat." Ku lura, a duk jimlolin nan ba mu ga "go" ko "enter" ba. Ba wai kuskure ba ne ka ce "The snake went into the grass", kowa zai gane. Amma miya ce ba gishiri, kuma wanda bai san kalmomin ba, in ya gamu da su a littafi ko a jarrabawa, sai ya yi tsuru-tsuru.

Doki da sauran masu ƙafa huɗu

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya riga ya san rabin wannan sashe da idonsa, sunaye kawai suka rage masa. Tafiyar doki ta yau da kullum "walk" ce, kamar ta mutum. In ya ɗan ƙara, ya shiga sassarfa, wannan "trot" ne, kuma in ka kasa kunne za ka ji bugu biyu-biyu, domin ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu tare suke sauka, sannan sauran biyun. Sama da wannan akwai "canter", gudu ne mai sauƙi mai bugu uku, wanda mahayi zai iya daɗewa yana yi. Sai uban tafiya, sukuwa, wato "gallop". An daɗe ana gardama a kan ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya in yana gudu, sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera na'urorin hoto a filin tsere a Kalifoniya ta Amurka, hotunan suka nuna lallai akwai. In da ya tambayi barade, ina jin da sun rage masa wahala.

In mahaya suka sako dawaki a guje wajen jahi, sun yi "charge" ke nan, kuma da wannan kalma ake faɗin bijimin da ya taso wa mutum. In doki ya ɗaga ƙafafun gaba ya miƙe, "rear". In ya yi tutsu don ya kayar da mahayi, "buck". In ya firgita ya ƙwace da gudu, linzami bai tsai da shi ba, "bolt". Dokin sarki mai taƙama da rangwaɗa kuwa, "prance" yake yi.

Jaki bai da wannan yawan salo. Yana birgima, "roll", yana kuma turjiya, sai a ce "The donkey refused to move." Raƙumi yana gurfana a ɗora masa kaya, "kneel", in ya wuce "knelt", kuma ba a furta harafin "k" na farko. Tafiyarsa daban ce da ta doki, don shi ƙafafun gefe guda yake ɗagawa tare, shi ya sa mahayinsa ke layi. Ɗan akuya mai tsalle-tsalle don ƙoshi, "skip" yake yi. Shanu in suka firgita suka ɓarke da gudu gaba ɗaya, "stampede".

Na daji kuma: kyanwa ko damisa in tana sanɗar abin da za ta kama, "stalk". Kura mai sintiri a bayan gari da dare, "prowl". Biri yana hawa, "climb", yana lilo a reshe, "swing". Zomo da kwaɗo suna "hop", wato ƙaramin tsalle a jere, barewa kuwa "leap" take yi, dogon tsalle guda. Ɓera da ƙadangare masu gudun sauri da gajerun ƙafafu, "scurry". Kunkuru da tsutsa da jariri mai rarrafe, duk "crawl". Gafiya tana haƙa rami ta shige, "burrow".

Masu fiffike

A nan ma akwai wani tarko irin na harbi. Mu da kalmar "tashi" muke farkawa daga barci, da ita muke miƙewa tsaye, da ita mota ke barin tasha, da ita kuma tsuntsu ke hawa sama. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta "The bird stood up" alhali yana nufin tsuntsu ya tashi sama. Abin da ya rubuta shi ne tsuntsun ya miƙe tsaye. Tashin tsuntsu "fly" ne, in ya wuce "flew": "The bird flew away."

Shirwa, wadda kowace uwar gida mai kiwon kaji ta sani, ita kaɗai za ta koya mana kalmomi huɗu. Tana can sama ta baje fiffike ba ta kaɗawa, "soar". Tana jewa bisa gida, "circle". Ta sako ƙasa kamar kibiya, "swoop". Ta suri ɗan tsako, "snatch". A haɗe: "The kite swooped down and snatched a chick." Kaɗa fiffike "flap" ne. Sauka bisa reshe "perch", kwanan kaji da zabi a kan itace ko a akurki "roost". Tafiyar agwagwa kuwa, wadda ba sai na kwatanta ba, "waddle". Fara da jan-baki in sun taso wa gona dafifi, "swarm" ake ce wa na fara, "flock" na tsuntsaye.

Kaza tana tono, "scratch", kalmar nan dai ta yakushi, ko da yake garin tone-tone ne ta tono wuƙar yanka ta. Tana yin ƙwai, "lay". Tana kwanci, "sit on eggs" ko "brood". Ƙwai ya ƙyanƙyashe, "hatch". A kula da "lay" ɗin nan, domin har masu digiri tana kayar da su. Kaza ta yi ƙwai jiya: "The hen laid an egg yesterday." Amma saniya ta kwanta jiya: "The cow lay down yesterday", domin wannan daga "lie" ta fito, wato kwanciya. Kalmomi biyu ne daban da suka yi karo a hanya.

Ba duk kuka ne "cry" ba

Hausa ma ta ware wa wasu dabbobi nasu. Kare na haushi, "bark". Yana gurnani, "growl". Doki na haniniya, "neigh", ana furta ta "nei", haruffan ƙarshe biyu ba sa magana. Zakara na cara, "crow". Kaza na kyarkyara, "cackle". Zaki na ruri, "roar". Maciji na huci, "hiss". Waɗannan ba wuya, kalma ce a bakin kalma.

Wuyar tana ga sauran da muka tara a ƙarƙashin "kuka". In ka ce wa Bature "My donkey is crying", zai leƙa ya ga ko hawaye yake yi. Kukan jaki "bray" ne. Na tunkiya da akuya "bleat". Na saniya "moo" a bakin yara, "low" a littattafai, na bijimi mai ƙarfi kuwa "bellow". Na kyanwa "mew", in kuma tana wannan gurnani mai taushi na jin daɗi, "purr". Na kwaɗo "croak", na mujiya "hoot", na kurciya da tattabara "coo", na agwagwa "quack", na ɓera "squeak", na ƙuda da sauro "buzz". Dogon kukan kare ko dila da dare, "howl". Abin mamaki, wani kukan kura da ke sa mu rufe ƙofa, shi Bature dariya yake ji, "laugh" yake ce masa.

Kunne ma ashe yana da ƙabila. Zakara guda ne, amma wasunmu na jin yana cewa ƙiƙiriƙi, wasu kukuruku. Mai Sifaniyanci na jin "quiquiriquí", wanda in an furta shi kamar namu ne sak. Bature kuwa "cock-a-doodle-doo" yake ji. Ni dai har yau ban gamu da wannan zakara ba.

Gargaɗi guda: ana aron kalmomin nan a yi wa mutane, amma galibi ba yabo ba ne. "He barked at me", ya daka mini tsawa. "Stop crowing", daina cika baki. Wanda ka ce yana "bray" kuwa, ka kira shi jaki ke nan, sai ka shirya abin da zai biyo baya.

Inda kalma guda ke jawo tara

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar aljihu. Kiwo a Turanci "graze" ne, in ciyawa ake ci a ƙasa. Akuya da raƙumi masu miƙa wuya su ci ganyen itace, "browse" suke yi, kuma kalmar nan ce yaranmu ke faɗi in suna leƙe-leƙe a intanet, wato su tsinci nan su tsinci can kamar akuya. Tuƙa ita ce "chew the cud". Gwaguyar ɓera a rumbu "gnaw", ba a furta "g".

Duk kaka sai an samu rigimar ɓarna tsakanin manomi da makiyayi, kuma in abin ya wuce gaban mai unguwa da dagaci ya kai ga hukuma, da Turanci akan rubuta bayani. Dubi jimlolin nan uku. "The cattle strayed into the farm": shanu sun kauce hanya sun faɗa gona, ba wanda ya sa su. "He drove the cattle into the farm": shi ya kora su ciki. "He grazed the cattle on the farm": ya tsaya ya yi kiwonsu a cikin gonar. Ta farko sakaci take nunawa, biyun ƙarshe kuwa ganganci. Haka kuma "trample", tattakewa, daban take da "eat up", cinyewa ƙarƙaf. Saboda haka, manomi ne kai ko makiyayi, kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka an fassara ba. In ka ji "drove" alhali "strayed" ka faɗa, ko ka ji "strayed" alhali da idonka ka ga an kora su, ka ce a gyara tun kafin takardar ta bar tebur.

Haka nan wajen likitan dabbobi. "My cow is sick" ba ta gaya masa komai ba. Ka faɗi abin da ka gani. Tana ɗingishi, "She is limping." Tana tangaɗi, "She is staggering." Tana dalala, "She is drooling." Tana haki, "She is panting." Ta daina tuƙa, "She has stopped chewing the cud." Saniyar da ta haɗa ɗingishi da dalala, likita zai fara tunanin ciwon baki da kofato, wanda ke yaɗuwa cikin garke da sauri, ya ce a ware ta tun bai iso ba. Haihuwa ma kowace dabba da tata: saniya "calve", tunkiya "lamb", akuya "kid", goɗiya "foal", wato sunan ɗan ne ake mayarwa aikatau. In sun shige maka duhu, "give birth" ta wadatar ga kowacce.

Ga masu rubutu, a kula da ninka harafi. "Hop" tana zama "hopped", "trot" tana zama "trotted", amma "gallop" ba a ninka mata, "galloped" ce. Wanda ya rubuta "The frog hoped" da "p" guda, ya ce kwaɗo ya sa rai ke nan.

Ga malaman aji

Kada a rubuta kalmomin nan duka a allo rana guda a ce a haddace. A ɗauki biyar ko shida a kowane zama. Malami ya kwaikwayi motsin, ɗalibai su faɗi kalmar, sannan a juya. Na san dattawa za su ji nauyin yin tafiyar agwagwa a gaban 'ya'yan cikinsu, to sai a bar wa samarin aji wannan. Ranar kasuwa kuma a ce kowa ya leƙa kara, ya dawo da jimla uku a kan abin da ya ga dabbobi suna yi. Matan aure da ke karatu a gida ba sai sun je ko'ina ba, kaji da awakin tsakar gida sun ishe su.

Aikin gida

A cike guraben nan da kalmar da ta dace, a shuɗaɗɗen lokaci. A miƙa amsa ga malamin aji, shi kuma ya aiko mana ta hannun mai duba azuzuwa na yankinsa. Za mu buga amsoshin a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

1. A bee ........ my sister on the hand.
2. The ram ........ the boy with its head.
3. The cock ........ before the morning prayer.
4. The snake ........ under the mat.
5. Our hen ........ ten eggs and eight of them ........
6. The horse ........ across the field at full speed.
7. Rats ........ a hole in the sack.
8. Nobody was watching the goats, so they ........ into the farm.

Sannan a fassara waɗannan zuwa Turanci:

9. Kunama ta harbi Audu, jaki kuma ya harbi ƙanensa.
10. Mujiya ta fito daga kogon kuka ta tashi fir.